Macijiyar da Ake Kira Sarki

Shirin na yau yana zuwa muku ne daga Kongolam, bakin iyakar Najeriya da Nijar, a ƙasar Daura.

Matasanmu da ke rubuta labaran almara sukan ƙago wata al'umma, ba mutane ba, ba aljanu ba, su gina mata birni, su ɗaura mata takobi. Sai alƙalami ya cije a wuri guda: wannan halitta "ya zo" ko "ta zo"? Hausa ba ta ba mutum hanyar zillewa. Muddin abu tilo ne, sai dai shi ko ita. Jam'i ne kawai ke rufa asiri da "su".

Hanya mai sauƙi a buɗe take: aljani da aljana, dodo da dodanniya, zaki da zakanya. A raɗa wa namiji suna, a liƙa wa mace ɗan wutsiya a ƙarshe. Ni dai wannan na damuna, domin sau da yawa macen takan tsaya nan, matar wane kawai, ba ta da gari ba ta da aiki.

Alhali ga Daura nan kusa da mu. A labarin Bayajidda, abin da ya tsare rijiyar Kusugu, ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, macijiya ce a bakin masu ba da labari da yawa, kuma sunanta Sarki. Mace ce, ga sunan maza, babu wanda ya ga aibu. Garin ma a lokacin a hannun mace yake, Magajiya Daurama. Ku duba tatsuniya kuma: matar Gizo ba daga sunansa aka yanko nata ba. Ƙoƙi ce, ƙwaro ne daban, da halinta daban.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A 1969 marubuciyar Amurka Ursula Le Guin ta ƙago mutanen da ba maza ba, ba mata ba, amma ta kira kowannensu "shi", aka yi ta sukar ta.

To, marubuci, kafin ka raɗa suna, fara tambayar kanka: a wannan al'umma taka wa ke haihuwa, wa ke gadon sarauta, wa ke zuwa rijiya? In ma jinsinsu uku ne, ka ƙaga wa na ukun sunansa, ka zaɓi shi ko ita da gangan.

Bayan wannan ɗan kiɗa za mu buɗe layi, mu ji halittun da kuka ƙago.