Gammon Mota Da Sirrin Ɗaure Noti

A hirarmu ta kimiyya ta wannan mako za mu durƙusa ne mu leƙa ƙarƙashin mota, mu dubi wata 'yar roba wadda ba ta fi tsawon babban yatsa ba, amma in ta mutu sai mota duka ta rasa natsuwa. Makanikai suna kiranta bushin.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, ina da wani maƙwabci a nan bayan birnin London, dattijo ne, ya yi murabus daga aikin jirgin ƙasa. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Morris Minor ta 1967, yana ji da ita kamar ɗiyarsa. Irin wannan mota an fara ƙera ta a 1948, aka daina a 1971, bayan an yi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ran nan ya rage mini hanya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙwas daga baya, in ya sha kwana kuma sai bayan motar ya yi kamar zai kama tasa hanya dabam. Ya ce mini abin da ya ke ba shi haushi, bara ya sake robobin nan da hannunsa. To, me ya kashe sabuwar roba cikin shekara guda?

Kafin mu amsa, sai mu san aikinta. Kowa ya san mai ɗaukar kaya ba ya aza tulu a kai sai da gammo. Haka mota ta ke. Ƙafafun bayan Morris Minor suna ɗaure ne da sifirin, watau falle-fallen ƙarfe da aka jera bisa juna, aka naɗe bakin na sama kamar zobe. Ƙusa mai noti ita ke ratsa zoben ta haɗa shi da jikin mota. Da za a bar ƙarfe ya gogi ƙarfe, da sun cinye juna, da kuma kowace gargada ta isa ƙashin bayan direba. Saboda haka a ke cusa roba tsakanin ƙusa da zobe. Ita ce gammon.

Roba asalinta ƙaron itace ne, irin wanda a ke tatsa a kudancin Nijeriya. Ɗanyenta ba ya moruwa, domin zafi ya kan sa shi danƙo, sanyi ya sa shi tauri. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in an dafa ta da farar wuta sai ta daidaita. Dalili kuwa, a cikin roba akwai waɗansu dogayen zaruruwa da ido ba ya gani, farar wuta ce ke ɗaɗɗaure su da juna, har in an ja su ko an murɗa su koma yadda su ke. Amma roba tana da abokan gaba uku. Akwai wata iska mai suna ozon, wadda ke tsinka zaruruwan nan har roba ta tsattsage. Akwai zafi, mai gaggauta tsufanta. Akwai kuma baƙin mai, wanda ke shiga jikinta ya kumbura ta, ta yi laushi kamar tuwo.

Yanzu ga sirrin, sai a kasa kunne. Mutane da yawa suna tsammani ƙusa juyawa ta ke yi a cikin roba. Ba haka ba ne. In an ɗaure noti, roba ta kan kama ƙusa ta ciki, ta kama zobe ta waje, ba ta zamewa. Sa'ad da ƙafar mota ta yi sama ko ƙasa, naman robar ne ke murɗewa ya dawo, kamar yadda mai wanki ke murɗa riga ya saki. Maƙwabcina ya ɗaure notinsa tamau tun mota tana sama, ƙafafu suna reto. Da ya sauke ta, nauyi ya danne sifirin, roba ta murɗe, ta zauna haka dare da rana ko mota tana tsaye. Kowane rami kuma ya daɗa mata murɗa bisa murɗa. Ina za ta kai?

Ranar Asabar muka sake aikin tare, ga yadda ya tafi. Muka tsai da mota a daɓe mai ƙarfi, wanda ba gangara, muka sa weji a tayoyin gaba. Muka ɗaga bayanta da jak, muka aza jikinta bisa turakun ƙarfe waɗanda aka yi musamman domin wannan aiki. A nan ina roƙonku, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a dogara ga bulo ko tubali, domin su kan fashe ba sallama. Sa'an nan muka mai da jak ƙarƙashin aksul, watau sandan da ya haɗa ƙafafun baya, muka ɗan tallafe shi har nauyi ya bar ƙusoshin. Tun daren jiya ya jiƙa notocin da man sassauta tsatsa, don haka sifana ba ta sha wuya ba. Muka zare ƙusoshi, muka ƙwaƙule tsohuwar roba, muka goge tsatsar cikin zobe. Ƙusa ɗaya mun tarar ta cinye ta yi ƙugu, muka sake ta, gama ƙusa mai kaushi wuƙa ce ga sabuwar roba.

Robar wannan mota gida biyu ce, a kan tura rabi ta kowane gefe da hannu. Ruwan sabulu muka shafa mata don ta shige, ba giris ba, tun da mun san abin da mai ke yi mata. Akwai wani sabon iri na foliyuritan, sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937. Shi ba ya tsoron mai, kuma juyawa ya ke yi, don haka yana da nasa giris. Ya fi daɗewa, amma ya fi tauri a jikin mai tafiya.

Muka yi dama, muka yi hagu, domin ba a sake gefe ɗaya a bar ɗaya. Muka murza notoci da yatsa kawai, muka sauke mota bisa tayoyinta, muka danna bayanta sau uku ko huɗu har ta zauna daidai. Sa'an nan ne fa muka ɗaure. Da muka fita gwaji, ba ƙwas, ba tangaɗi. Na gaba kuwa na shawarce shi ya bari sai da gwani a kusa, domin can akwai sandan ƙarfe da ke murɗe da nauyin mota, in an kwance shi da ka ya kan karya hannu.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Mataccen bushin ya kan sa taya ta ci gefe ɗaya, mota ta riƙa ja in an taka birki. A nan Ingila tun 1960 a ke yi wa motoci jarrabawar lafiya, amma daga 2018 an ɗauke wa yawancin waɗanda suka haura shekara 40. Watau idon mai mota shi ne mai duba. Haka kuma ga mai tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, inda zafi da gargada suka fi na nan. Ƙirar ta bambanta, wani bushin ma sai an matse shi da inji, amma ka'idar ɗaya ce: a sauke mota tukuna, kana a ɗaure. Sannu ba ta hana zuwa.