Tafiyar kaka: mu je mu ga gawo

Ƴan'uwa manoma, hatsi ya shiga rumbu, hannu ya samu sarari. Ga wata gajeriyar tafiya da za ku iya shiryawa a watan Nuwamba: daga Matamaye zuwa Kance, ko zuwa Magarya.

A wannan lokaci kuka tana kaɗe ganyenta, ciyawa ta bushe. Gawo kuwa sai yanzu yake tofo. Duk damina tsirara yake, bai tare wa hatsi rana ba, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Da rani bisashe su ci ƴaƴansa, su bar kashinsu a inuwarsa.

Bayan farin 1984 manoman yankinmu suka riƙa barin ƙananan gawo a gonaki, abin da ake kira sassaben zamani. Shi za ku gani dama da hagu.

Ku fita da sassafe. Ranar kasuwa mota ta fi samuwa. Ku riƙe ruwa mai tsabta, da rawani saboda ƙura. In za ku kwana, kada ku manta gidan sauro, zazzaɓi bai wuce ba tukuna. Inda kuka ga gawo ya yi yawa, ku sauka, ku tambayi mai gonar yadda yake zaɓen tsiron da zai bari.