Jakar goyo mai tambarin kanti: Talla ce ko gyara ga 'yan kasuwar Filinge?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, makarantun boko suka koma a Jamhuriyar Nijar, wanda ya tsaya bakin hanya da safe ya dubi bayan yara zai ga kusan kowace jaka da sunan wani a jikinta. Akwai shuɗiyar jakar UNICEF, wadda ake rabawa tare da littattafan rubutu a yankunan da rikici ya taɓa, ciki har da jihar Tillaberi. Akwai ta ƙungiyoyin agaji da ta kamfanonin waya. Akwai kuma gwanjon Turai mai ɗauke da sunan wata makaranta ko ƙungiyar ƙwallo da ba wanda ya san garinsu. Sunan da ba a cika gani ba shi ne na mutumin da iyayen yaran ke sayen shinkafa da man girki da sukari a wurinsa kullum, wato mai kantin unguwa.

Wannan gurbin ne masu buga tambari a Yamai da Kano, da kamfanonin China masu tallar haja ta intanet, ke kwaɗaita wa masu kayan masarufi su cike. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta. Tallar rediyo tana wucewa cikin minti ɗaya, allon talla yana tsaye wuri guda, amma jakar goyo tana zuwa makaranta sau biyu a rana, ta je kasuwa, ta hau mota, kuma duk inda ta je da sunan kantin take zuwa.

A ƙasashen waje an ga inda dabarar ta wuce tsammani. A farkon 2024 kantunan abinci na Trader Joe's a Amurka sun fitar da wata 'yar jakar hannu a kan dala 2.99, mutane suka yi ta layi, har aka riƙa sake sayar da ita a intanet da ɗaruruwan daloli. 'Yan Nijar mazauna Faransa kuwa sun san jakar kantin Tati na unguwar Barbès a birnin Paris, mai gida-gida ruwan hoda da fari. An rufe kantin a 2021, amma har yau ana kiran jakar da sunansa.

To, Filinge ba Paris ba ce. Gari ne da ke kimanin kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai, a kwarin Dallol Bosso, cibiyar ƙasar Kurfai. Hanyar da ke kai wa can, lamba 25, tana ratsa Baleyara mai babbar kasuwar Lahadi. Mai kanti a irin wannan gari ya san abokan cinikinsa da suna, ya san iyayensu, ya san wanda ɗansa ke Abidjan ko Legas ko Libiya yana turo kuɗi. Ba sanar da mutane cewa kantinsa yana nan ne damuwarsa ba, domin kowa ya sani. Damuwarsa ita ce kada gidan da ya shekara yana ba wa bashi ya koma kantin da ke kallonsa ranar da kuɗi suka shigo.

Gyara ta riga tambari

Kyautar mai sayarwa ga mai saye ba baƙuwa ba ce a kasuwar Hausa. Sunanta gyara. Mai tumatir tana ƙara biyu a kan kashi, mahauci yana jefa 'yar tsoka bayan ya gama yanka, mai kanti yana miƙa wa yaron da aka aiko alewa. Da azumi akwai sukarin da babban ɗan kasuwa ke aika wa gidajen da suka daɗe suna hulɗa da shi, a farkon shekara kuma akwai kalanda. Kamfanonin dunƙulen miya irin su Maggi da Jumbo sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ake ganin lemarsu da rigunan aikinsu da robobinsu a hannun mata masu tebur a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Idan aka kalli jakar goyo ta wannan fuskar, to gyara ce babba wadda ake yi sau ɗaya a shekara. Kuma ƙa'idar gyara sananniya ce: ana yin ta ne ga wanda ya saya, gwargwadon sayensa, kuma ba a gori da ita. Mai kantin da ya tsaya ƙofa yana raba jakunkuna ga duk mai wucewa sadaka ya yi, Allah ya ba shi lada, amma kada ya jira ta dawo masa a aljihu. Wanda ya ɗaura ta a kan ciniki, a ce duk gidan da ya ɗauki buhun shinkafa da jarkar mai a watan komawa makaranta yana da jaka ɗaya, shi ne ya yi kasuwanci.

Akwai kuma wani rukunin masu saye da ba sa cikin garin. Yawancin matasan Kurfai da suka tafi ci-rani ba kaya suke aikowa gida ba, kuɗi ne, ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana. Wasu kai tsaye suke tura wa mai kanti, ya auna wa gida abincin wata. Mutumin da ke nesa ba ya ganin mudu, ba ya ganin sikeli. Idan aka turo masa hoton ƙanwarsa ta WhatsApp tana goye da sabuwar jaka daga kantin da yake biya, ya samu wata shaida cewa ana mutunta gidansu. A nan jakar ta fi yin aiki, fiye da yawon da take yi a titi.

Lissafin jaka da jika

A Nijar kuɗin ma da jaka ake ƙirga su. Jika ɗaya ita ce sefa 1,000, wato dala 200 a lissafin kasuwa. Don haka kafin mai kanti ya raba jaka sai ya ƙirga jikkunan da zai zuba.

A ɗauki misali kawai. A ce jaka ɗaya, haɗe da kuɗin buga tambari da na mota, ta tsaya masa jika biyu da rabi, kuma ya yi odar guda 200. Rabin miliyan ke nan. Idan ribarsa a kan buhun shinkafa sefa 500 ce, sai ya sayar da buhu 1,000 kafin ya mayar da kuɗin jakunkunan. Kayan masarufi ribarsu siririya ce, yawan juyawa ne ke riƙe da mai su. Babban ɗan sari mai raba kaya ga ƙananan shaguna a Bonkuku da Tukunus da sauran ƙauyuka zai iya ɗaukar wannan nauyi. Ɗan tireda mai tebur ɗaya ba zai iya ba, kuma duk wanda ya ce masa ya gwada bai so shi da alheri ba.

Masu buga tambari kuma ba sa son ƙaramin aiki. A bugun da aka fi yi, ana shirya wani allo mai raga ga kowace kala, a shafa tawada ta bi ta ragar ta zauna jikin yadi. Kuɗin shirya allon ɗaya ne ko jaka 20 za a buga ko 500, shi ya sa ƙaramar oda ke fin tsada a kan kowace jaka, kuma kowace ƙarin kala ƙarin kuɗi ce. Surfanin keke ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Irin rubutun da ake mannawa da zafi shi ne mafi arha, kuma shi ne rana ke fara ɓamɓarewa.

Hanyar kayan ma ta ƙara nisa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairun 2024, hukumomin Yamai sun bar nasu ɓangaren a rufe. Kayan da a da ke sauka Kwatano su shigo ta Gaya sun koma bin Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Duk abin da ya fito daga China, har da jakar makaranta, ya ɗauki wannan ƙarin kuɗi da ƙarin kwanaki.

Sai batun inganci, wanda a nan ne yawancin masu kyautar talla ke faɗuwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jakar da zif ɗinta ya mutu a mako na uku, ko hannunta ya tsinke tun kafin hutun farko, ba ta daina talla ba. Tana ci gaba da yawo da sunan kantin, a ɗaure da igiya, tana gaya wa gari irin kayan da mai ita ke bayarwa. Ɗalibin firamare a karkara yana cusa allo da littattafai da gorar ruwa a jaka guda, ya jefar da ita a yashi ya buga ƙwallo. Wuraren da za a duba su ne ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki, da kaurin yadin gindi, da zif. Jaka 100 masu kai ƙarshen shekara sun fi 300 masu mutuwa a Nuwamba.

Abin da za a buga a jiki shi ma yana son tunani. Manya da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, kuma a kasuwar Filinge ana jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Buzaye. Dogon rubutun Faransanci ɓarnar tawada ne. Kala ɗaya mai ƙarfi da hoto ɗaya da kowa zai iya kira da baki, raƙumi ko tauraro ko zakara, sun isa. Mutane da ma haka suke kiran shinkafa da shayi da batir, da hoton da ke jikin kwalin.

Sunan da ya yi yawo da yawa

Akwai abin da kundin masu buga tambari ba ya faɗa. A arewacin Tillaberi, fitar da suna a matsayin mai dukiya ba ƙaramin abu ba ne. Tun 2017 sassan jihar ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an kuma hana hawa babur a wurare da dama a farkon 2020. A ranar 15 ga Maris na 2021 'yan bindiga sun tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, a harin da ya ci rayuka 58. Ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai suna karɓar abin da suke kira zakka daga makiyaya da 'yan kasuwa, an kuma rufe ɗaruruwan makarantu a jihar.

A irin wannan yanayi, jaka 200 masu ɗauke da cikakken sunan mutum da lambar wayarsa suna shiga ƙauyukan da shi kansa ba ya zuwa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ga yaron ma, a wasu ƙauyuka jakar boko a baya alama ce da iyaye ke gudun a gani. Mai hankali zai buga sunan kanti ba nasa ba, ya bar lambar waya, ya kuma taƙaita rabon ga cikin gari da gidajen da ya sani. Sunan yaro kuwa bai kamata ya hau bayan jaka ba ko kaɗan, don kada baƙo ya kira shi da suna ya ɗauka ɗan gida ne.

Wasu iyaye da malamai suna da wani ƙorafin na daban, cewa bai dace a mayar da bayan yaro allon talla ba. Maganarsu tana da nauyi, sai dai uban da ke da 'ya'ya biyar a makaranta, wanda ba a rage masa ko dala a kuɗin littafi ba, da wuya ya mayar da jaka saboda akwai hoton zakara a jikinta. Inda za a ja layi shi ne ƙofar aji. A bar rabon a kanti, kada a kai shi makaranta inda ɗan wanda ba ya saye a can zai tsaya yana kallo.

Leda da buhu

Akwai kuma hanyar da ba ta bi ta China ba. A ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 wadda ta haramta yi da shigowa da sayar da ledoji marasa kauri. Dokar tana nan a takarda, baƙar leda kuma tana nan a kowane kanti da kowace ƙaya. A ƙasar kiwo irin Kurfai, inda tashar kiwon shanun Azawak ta Tukunus take, mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin dabbar da ta yi kiwo a bayan gari. Mai kayan masarufi shi ne babban mai raba wannan leda, kuma da kuɗinsa yake sayen ta.

A ɗakin ajiyarsa kuwa akwai tarin buhunan shinkafa da na sukari da na fulawa da aka juye. Teloli a kasuwannin Nijar sun daɗe suna yanka irin waɗannan buhuna suna ɗinka jakar cefane, dukawa kuma da ma aikinsu ne ɗinka gafakar almajiri da jakar fata. Jakar cefanen da telan gari ya ɗinka, aka buga mata alamar kanti da kala ɗaya, ba ta da ƙyallin ta kamfani, kuma ɗan sakandare ba zai so ya goya ta ba. Amma ba ta da ƙa'idar sai ɗari biyu, ana iya yin 30 a gwada, in ta yage telan yana nan kusa, kuɗin kuma a Filinge za su kwana.

Wanda ya nace sai jakar goyo ta kamfani, to lokaci ne zai fi ba shi wahala. Kafin kaya su iso a farkon Oktoba sai an biya su tun Yuli ko Agusta, tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, gero bai nuna ba, littafin bashin mai kanti kuma ya cika har bango. A daidai watannin da ya fi buƙatar kuɗin sarin shinkafa ne ake so ya kulle rabin miliyan a cikin jakunkuna. Ranar komawa makarantar ma tana iya gocewa: a 2024 ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ta ɗage ta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, kusan wata guda ke nan da kwalayen jaka za su yi a ɗakin ajiya suna jiran yara.