Kwamfuta: Suna a Murfi, Aiki a Ciki

'Yan kasuwa da dillalai, tambaya ta yi yawa a kan kwamfutar tafi-da-gidanka: wace ce ta fi ƙarko tsakanin HP, Dell, Lenovo da Apple? To, mai sayen hatsi ba ya tsayawa ga tambarin buhu, sai ya soka ya ga ƙwaya. Haka wannan haja take.

Kowane kamfani yana da kaya hawa biyu. Akwai wanda aka ƙera don ofisoshi da bankuna, watau ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook na HP. Waɗannan gangar jikinsu da mahaɗin murfinsu sun fi ƙarfi, a kwance su da sukudireba a sake batir ko ma'ajiya. Akwai kuma na gida, irin su IdeaPad, Inspiron da Pavilion, galibi roba ce, ga sheƙi ga araha, amma mahaɗin murfi kan riga sauran jiki lalacewa. Saboda haka tsohuwar EliteBook ta fi kusa da ThinkPad a ƙarko fiye da 'yar ɗakinsu Pavilion. ThinkPad ɗin ma asalinsa na IBM ne na Amurka, Lenovo na ƙasar Sin ya saye sashen a 2005.

Apple kuwa jikinta alminiyon ne, batirinta na jimawa, ba ta saurin faɗuwa a kuɗi. Amma tun 2020 da ta koma injinta na kanta, ƙwaƙwalwar a manne take, ba a ƙara ta. In ta lalace gyaranta sai mai hali.

Masu ɗauko na hannu daga Computer Village ta Ikeja, ku lura da wannan. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafin da ya saba ba Windows 10. Windows 11 kuwa galibi ba ta amincewa da injin Intel da bai kai zubi na 8 ba, wanda ya fara fita a 2017. Wanda ya jibge kuɗinsa a zubi na 6 ko na 7 don ya ga sauƙi, ya sani darajarsu ƙasa take yi. Ku duba zubi kafin ku duba suna.

Sai maganar masu ƙerawa. Yawancin kamfanonin nan ba su ke haɗa kayan da hannunsu ba. Kwangila suke ba kamfanonin Taiwan irin su Quanta, Compal da Foxconn, mafi yawan masana'antunsu kuwa a Sin suke. A 2010 ma'aikata 14 na Foxconn suka kashe kansu, akasarinsu a Shenzhen, har kamfanin ya kewaye benaye da raga, ya ƙara albashi. A lokacin yana yi wa Apple da Dell da HP aiki ne duka. Binciken da Apple ya yarda aka yi a 2012 ya tarar ana wuce awa 60 a mako. Kana ma'adinin kobalt da ke cikin batir, kusan kashi 70 cikin 100 daga Kwango yake fitowa, inda Amnesty International ta ba da rahoto a 2016 cewa har yara 'yan shekara 7 suna aikin haƙarsa.

Watau dai kada wani dillali ya rantse wa mai saye cewa wannan suna hannunsa tsarkakakke ne, wancan a'a. Rijiya ɗaya suke ɗiba. Abin da ke hannunmu shi ne sayen mai ƙarko, mai gyaruwa, wadda za ta shekara shida ana mora maimakon biyu. Aljihu ya huta, gumin ɗan ƙwadago kuma bai tafi juji da wuri ba.

Ku gaya wa mai saye zubin inji da lafiyar batir tun kafin ya tambaya. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.