Fuskarka a duniyar VR: Sana'ar da ke kawo kuɗi, take kuma jawo rigima

A manhajar VRChat, wadda ta fito a dandalin Steam a shekarar 2017, kowa yana shiga ne da surar da ya zaɓar wa kansa. Yawancin waɗannan surori kuwa ba kamfanin ne ya ƙera su ba, masu sha'awar abin ne suke zama su zana su da kansu.

Mai ƙira yakan sassaƙa fuska da jiki a manhajar Blender, wadda kyauta ce. Daga nan sai ya saka wa surar ƙasusuwan da za su sa ta motsi, ya daidaita leɓe da ƙiftawar ido, sannan ya ɗora ta ta manhajar Unity. Da dama daga cikin masu ƙira suna sayar da aikinsu a kasuwar intanet ta Booth da ke Japan.

A 2021, kamfanin Epic Games ya fitar da MetaHuman, mai ƙera mutum har da ramukan fata da silin gashi.

Ga matashin Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, babban cikas shi ne tsada. Tabarau na Meta Quest 3S ya fito a 2024 a kan dala 299, wato sama da sefa dubu 150. Sai dai ana shiga VRChat da kwamfuta ko wayar Android ba tare da tabarau ba, koyon Blender ma ba ya buƙatarsa.

Akwai kuma giɓin da ke jiran mai cikewa. Kasuwar ta cika da surori irin na zanen Japan, amma da wuya a ga babbar riga mai aska takwas, ko rawanin fadar Tibiri, ko tsagar Gobirawa. Wanda ya tashi yana ganin waɗannan shi ya fi kowa sanin yadda za a zana su daidai.

Matsalar tana tasowa ne idan surar ta mutum ce ta gaske. Ƙwararre zai iya kwaikwayon fuskar jarumar fim ko ta wata budurwa daga hotunanta na Facebook, ya sa ta yin abin da mai fuskar ba ta taɓa yi ba. A garin da kowa ya san kowa, irin wannan kan iya kashe aure ko ya fasa baiko.

Jihar Tennessee ta Amurka ta kafa dokar ELVIS a 2024 domin kare murya da kamannin mutane. Nijar tana da dokar laifukan intanet ta 2019 da hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a, Najeriya kuma ta kafa dokar kare bayanai a 2023.

Don haka duk mai son shiga sana'ar, ya nemi izinin mai fuska a rubuce kafin ya fara, ko kuma ya ƙirƙiro fuskar da ba ta kowa ba.