Gwiwa Mai Inji: Shin Za Ta Dawo Maka da Tafiyarka?

Mai karatu, wataƙila a Hotoro kake zaune, kana zuwa aiki a wata masana'anta a Sharada, Challawa ko Bompai, sai hatsarin hanya, ciwon suga ko ɗorin gida da ya ruɓe ya sa aka yanke maka ƙafa daga saman gwiwa. Tambayar da ke ranka ita ce: zan sake tafiya har in koma bakin aikina? Za ka iya, in Allah ya yarda, amma sai ka fahimci aikin gwiwa.

Gwiwa ce ke riƙe nauyinka in ka taka, ta lanƙwashe in ka ɗaga ƙafa, ta tura ka sama in za ka tashi daga zaune. Ƙafar roba ta gama-gari ba ta da ƙarfin kanta. Dungun cinyarka ne ke wurga ta gaba. Shi ya sa za ka ga mai ita yana gajiya da wuri, yana karkata gefe ɗaya, kuma in zai hau bene sai ya riƙa sa lafiyayyar ƙafa a gaba, mataki ɗaya-ɗaya.

A shekarar 1997 kamfanin Otto Bock na Jamus ya fito da gwiwar C-Leg mai ƙaramar kwamfuta a ciki, wadda ke daidaita taurin gwiwa a kowane taku domin rage faɗuwa. A 2006 kuma kamfanin Össur ya fito da Power Knee, mai inji da batir, wadda ke miƙe gwiwa da ƙarfinta, ta taimaka wajen tashi tsaye da hawa bene.

To amma yaya injin zai san niyyarka? Idan ya ɗauka kana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa alhali gangara ce, sai ka yi tuntuɓe. A 2015 masu bincike a Chicago ta Amurka suka gwada wannan a kan mutum 7. Da aka bar ƙafar ta dogara da na'urorin da ke auna motsi da nauyi kaɗai, ta yi kuskure kusan kashi 14 cikin ɗari. Da aka haɗa mata da saƙon lantarki da tsokar dungu ke fitarwa, aka kuma sa ta lura da takun baya, kuskuren ya sauko zuwa kusan kashi 8. Wato ko ƙafa mai inji da tsokarka take dogara.

Irin wannan ƙafa tana da tsada ƙwarai, tana da nauyi, tana buƙatar caji kullum, kuma ƙura da ruwa ba abokanta ba ne. Saboda haka kada ka zauna jiranta. A Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, akwai sashen da ke auna dungu ya haɗa ƙafar roba.

Kowace iri za ka samu, ga abin da ke hannunka tun yau. Ka riƙa naɗe dungun da bandeji yadda aka koya maka. Kada ka sa matashi a ƙarƙashinsa, domin cinya na iya ƙagewa a lanƙwashe, ƙafar roba ta ƙi zama. Ka riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kullum in likita ya amince. Kada ka yi fashin zuwa sashen gashin ƙashi. Ka duba fatar dungu kowane dare, musamman in kana da ciwon suga, in ka ga ja ko gyambo ka zo asibiti ba tare da jinkiri ba.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.