Finobabiton: Abin da Take Yi wa Ƙwaƙwalwa da Ƙashi

A karkara irin ta Geza da sauran ƙauyukan Bagudo na bakin iyakar Benin, mafi arhar maganin farfaɗiya ita ce 'yar farar ƙwayar nan, finobabiton, daga dangin magungunan sa barci da ake kira babiturat. Kamfanin Bayer na Jamus ya fitar da ita a 1912. A shekarar ce likita Alfred Hauptmann ya lura cewa masu farfaɗiyar da ya ba ta don su runtsa sun rage faɗuwa.

Ga yadda take aiki. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, GABA, mai ja wa jijiyoyi linzami. Ƙwayar ƙara masa ƙarfi take yi, sai jijiyoyin su lafa. Ga wanda ke faɗuwa bakin murhu ko bakin kogi, wannan rahama ce babba.

Matsalar tana wajen jarirai. Ƙwaƙwalwarsu gini ne da ba a gama ba, kuma ƙwayoyin halittar da aka kwantar da yawa sukan mutu, naman ya motse. A 2002 Petra Bittigau da abokan aikinta a Jamus sun ga haka a ƙwaƙwalwar 'ya'yan ɓeraye. Ɓera dai ba mutum ba ne. Amma a 1990 an buga wani bincike na Amurka kan yara 217 masu jijjigar zazzaɓi. Bayan shekara biyu, waɗanda suka sha finobabiton sun gaza waɗanda ba su sha ba da maki 8.4 a gwajin basira, jijjigar kuma ba ta daina dawo musu ba. Wannan ya isa uwa ta yi tunani.

Ƙashi ma yakan taɓu. Ƙwayar tana sa hanta ta riƙa lalata bitamin D da gaggawa, jiki ya kasa tsotsar kalsiyam, ƙashi ya yi laushi bayan shekaru.

To, me za a yi? Mai farfaɗiyar da likita ya ɗora a kanta kada ya yanke ta dare ɗaya, don jijjiga mai kisa tana iya biyo baya. Yaron da zazzaɓi ya sa jijjiga kuwa, a sauke masa zafin jiki, a gwada shi ko maleriya ce. Iyaye, don Allah kada a sayo ta a kemis don yaro ya yi barci. A kai shi asibiti, Bagudo ko Birnin Kebbi.